Ra'ayi: 'Ya'yan Ɗan Gulbi da suka gama jami'a, ina suka shiga?

Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na abokan karatunsa na jami'a ya san irin labaran da ke yawo a ciki. Wane ya samu aiki a wata ƙungiyar agaji, ga hotonsa jingine da farar mota. Wance ta haihu, suna ranar Asabar. Wani ya kare kundin mastarsa a Maroko, wani ya ci jarrabawar shiga aikin duwan. Sai a yi ta zuba "Masha Allah" da "Allah ya sanya alheri" har waya ta yi zafi. Babu laifi a wannan, abin farin ciki ai a yaɗa shi. Sai dai wanda ya tsaya ya ƙirga zai tarar cewa bakunan da ke magana a zauren ba su cika yatsun hannu biyu ba. Sauran suna nan, suna buɗe saƙo suna rufewa, ba su fita ba, ba su kuma ce uffan ba. Wasu shekara uku ke nan rabon da a ji ɗuriyarsu.

Shirun nan shi ne babban labarin waɗanda suka gama jami'a a Nijar. A birni ana iya ɗaukarsa a matsayin sha'anin mutum da rayuwarsa. A wuri irin Ɗan Gulbi kuwa yana da tsada, kuma waɗanda ke biyan kuɗin ba su ne suka yi shirun ba.

Ɗan Gulbi ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Dakoro, jihar Maraɗi, ɗaya daga cikin biyar da ke ƙarƙashin sarautar Kornaka, tare da Kornaka kanta, Ajekoriya, Sabon Mashi da Maiyara. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 50 a cikinta, akasarinsu manoman gero da wake, masu ɗan kiwon awaki da tumaki a bayan gida. Kafin yaro ya fito daga irin wannan wuri ya kai ga riƙe takardar lisansi, sai ya tsallake ramuka da yawa. Mai yiwuwa ya fara lakwal a ajin kara, irin wanda gobara ta cinye yara fiye da 20 a cikinsa a birnin Maraɗi a watan Nuwamban 2021. Daga nan sai kwaleji da jarrabawar BEPC. Idan ya ci, sai a shiga neman wanda zai sauke shi a Dakoro ko Maraɗi don ya yi lise, kuma rashin mai masauki kaɗai ya sha mayar da yara masu ƙwaƙwalwa gona. Sannan ga BAC, wadda a 2021 ƙasa da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka zauna ta ne suka ci. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa cikin matasan Nijar 100 da shekarunsu suka kai na shiga jami'a, kusan huɗu ne kawai ke ciki. Ɗan ƙauyen da ya shiga cikin huɗun nan ba ƙaramin gwarzo ba ne.

Kuma ba shi kaɗai ya yi karatun ba. Akuyar uwarsa ta yi, damman geron da aka cire daga rumbu tun kafin damina ta faɗi sun yi, yayansa da ya tafi biɗa Kano ko Agadas yana turo 'yan kuɗi shi ma ya yi. Kuɗin tallafin ɗalibai da hukumar ANAB ke biya ba kowa ke samu ba, wanda ya samu ma ya san yadda ake jiransa wata da watanni, abin da ya sha fitar da ƙungiyar ɗalibai ta USN kan titi. Ga yajin aikin malamai, ga shekarun karatu da ke hawa kan juna, har lisansin shekara uku ya zama na huɗu ko biyar. Duk tsawon wannan lokaci gida na jira, ana cewa saura kaɗan.

Abin da gidan ke jira yana da tarihi. Lokacin da aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai a 1971, wadda ta zama jami'a a 1973, masu digiri 'yan ƙalilan ne, gwamnati kuma tana buƙatarsu. Kuɗin yuraniyom na ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, ya sa kusan duk wanda ya fito da takarda yana da kujera tana jiransa. Mutumin da jami'ar Maraɗi ke ɗauke da sunansa, Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, hoton wancan zamani ne: ɗan Maraɗi, masanin kimiyyar haɗa sinadarai, ministan ilimi a gwamnatin Diori Hamani, sannan shugaban hukumar raya al'adu da fasaha ta ƙasashe masu amfani da Faransanci daga 1974. Karatu, ofis, girma, a jere kamar raƙuman ayari. Wannan hoton ne har yau ke cikin kan dattawa idan suka ce ɗansu yana jami'a.

Amma ayarin ya watse tun tuni. Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya suka zo da sharaɗin tsuke bakin aljihu, ɗaukar aiki kai tsaye ya tsaya. A watan Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 gwamnati ta koma ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya suka zama malaman kwantiragi. A gefe guda kuma jami'o'i sai ƙaruwa suke yi. A 2010 aka kafa na Maraɗi, Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi. Takwas ke nan na gwamnati, ban da Jami'ar Musulunci ta Say da masu zaman kansu irin Maryam Abacha da aka buɗe a Maraɗi a 2013. Kawo jami'a kusa da talaka aiki ne mai kyau, ɗan Dakoro ba sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai ba. Illa dai an faɗaɗa ƙofar shiga, ita kuwa ƙofar fita tana nan yadda take.

To me ke faruwa da mutum bayan an ɗauki hoton ƙarshe da doguwar riga? Mai sa'a yakan samu gurbin hidimar ƙasa, wadda a Nijar shekara biyu ce, da ɗan alawus na riƙe rai. Idan ta ƙare, da yawa sukan faɗa koyarwa a kwaleji ko lise a matsayin 'yan kwantiragi, suna jiran ranar da za a ba su lambar ma'aikacin gwamnati. Wannan jira na iya cin shekaru, kuma jinkirin biyan 'yan kwantiragi tsohon labari ne a gidajen rediyon ƙasar. Abin dubawa a nan shi ne aikin malanta ya zama zauren jira. Wanda ya karanta shari'a ko tattalin arziki, aka tura shi ƙauye ya koyar da Faransanci ba don yana so ba, idonsa na kan hanya. Yaran da yake koyarwa su ne ƙannen waɗanda suka riga shi fita.

Wasu kuma sitaj suke yi, wato aikin koyon aiki, wanda kan fara da wata uku ya zarce shekara ba ko sisi. Matasan Yamai suna da sunan da suka laƙaba wa hanyar da ta fi sauri, haruffa uku na Faransanci, PAC, ma'ana dangi, abokai da sanayya. Ɗan babban ma'aikaci yana da duka ukun. Ɗan manomin Ɗan Gulbi danginsa suna gona, abokansa irinsa ne, sanayyarsa kuma ba ta wuce mai masaukinsa ba.

Shekara da shekaru abin da ya rufa wa masu digirin jihar Maraɗi asiri shi ne aikin proje. Tun bayan yunwar 2005 ƙungiyoyin agaji suka cika yankin, suna ɗaukar masu tattara bayanai, masu wayar da kai, masu kula da rabon abinci. Kwantiragin wata shida ne ko shekara, amma yana biya fiye da aji. Daga 2023 wannan inuwa ta fara yayewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli ƙasashen Turai da dama sun dakatar da tallafi. A Nuwamban 2024 hukumomi sun janye izinin ƙungiyoyin Acted da APBE, a Fabrairun 2025 aka umarci ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta rufe ofisoshinta. A daidai wannan lokacin gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin Amurka a duniya baki ɗaya, ta kuma rushe hukumar USAID. Kowa na da ra'ayinsa kan waɗannan matakai, masu goyon baya suna da hujjarsu ta 'yancin ƙasa, masu suka suna da tasu. Abin da ba ya buƙatar muhawara shi ne duk ofishin da aka rufe akwai matasan da suka koma gida da kwalin takardunsu, kuma babu wanda ya sa hoton wannan rana a zaure.

Kasuwa ma ba ta zauna lafiya ba. Maraɗi da Katsina da Kano cikinsu ɗaya, abin da ya taɓa iyaka ya taɓa tukunyar kowa. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, takunkumin ECOWAS ya sake rufe ta daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa farkon 2024. Faɗuwar naira tun daga tsakiyar 2023 ta sa wanda ya yi cin rani a Kano, idan ya canza abin da ya tara zuwa sefa, sai ya riƙe baki. Saura arewa: zinariyar Jado da Cibarakaten da aka gano a 2014, ko Aljeriya da Libiya. Ramin zinariya ba ya tambayar difloma, kamar yadda bai tambayi mutum 18 da ya rufta da su a yankin Ɗan Isa a Nuwamban 2021 ba. Motocin da ke zubar da mutane a bakin iyaka kusa da Assamaka su ma ba sa tambaya. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga mutum fiye da dubu 30, 'yan ƙasashe daban-daban, da Aljeriya ta koro ta wannan hanya a 2024 kaɗai.

A cikin wannan hali mai lisansi yakan kama abin da ya samu. Wani yana bayan kanta a shagon tura kuɗi, wani yana kabu-kabu, wani yana koyar da 'ya'yan masu hali a gida da yamma, wani ya kafa tebur. Duk sana'o'i ne na halal, wasunsu ma suna kawo abin da ya fi mafi ƙarancin albashi na jika 42. Amma mai yin su yakan ɓoye. Yakan ƙi zuwa gida da Sallah don gudun tambayar nan ta "har yanzu ba a samu ba?" Uban ma idan an tambaye shi a majalisa sai ya ce yana can birni, ya kawar da zance. Kunya ta rufe bakin ɗa, ta rufe na uba.

Ga inda ɓarnar take. Yaro ɗan shekara 14 a Ɗan Gulbi, wanda ke tsakanin ci gaba da kwaleji da ajiye littafi, ba ya karanta rahoton Bankin Duniya. Da abin da idonsa ya gani yake yanke hukunci. Ya ga wanda ya bar lakwal tun aji huɗu ya dawo daga Jado da sabon babur, ya yi aure, ya rufa ɗaki da kwano. Ya ga yayansa mai digiri yana roƙon a sa masa kati a waya. Me ake so ya fahimta? Maganar nan da ta tsallako daga Najeriya cewa boko yaudara ce ba ta buƙatar mai tallata ta, ta samu ƙasa a jiƙe. Alhali hoton da yaron ke gani gurgu ne ta kowane ɓangare. Waɗanda suka tafi arewa suka dawo da ciwon ƙirji da bashi ba sa yawo a gari da labarinsu, waɗanda ba su dawo ba kuwa sai dai a yi musu addu'a. Haka nan mai digirin da ya sha wuya shekara huɗu sannan ya kafu, ya zama akanta a wani kamfani ko ya buɗe shagon magungunan dabbobi, yakan kafu ne a birni, nesa da idon yaron. Yaron yana ganin farkon tafiyar ɗan boko da ƙarshen tafiyar mai sa'ar zinariya, ya haɗa su a sikeli ɗaya.

Na 'ya'ya mata ya fi muni. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa adadin ya kusa tara cikin goma. Yarinyar da ta ratsa wannan ta kai jami'a, iyayenta sun sha magana ba kaɗan ba. Amma labarinta a bakin abokan karatu yakan ƙare ne da katin ɗaurin aure. Daga nan ba mai tambayar ko tana aiki, ko an tura ta wani gari mijin ya hana, ko ta buɗe sana'a a gida. Uban da ke tunanin barin 'yarsa ta tafi Dakoro karatu yana buƙatar ya ji sunan garin da wata 'yar yankinsu take aikin ungozoma ko take koyarwa, da abin da take yi wa iyayenta. Idan abin da ya ji kawai shi ne ita ma aure ta yi a ƙarshe, zai ce to me ya sa za a ɓata shekara goma.

A 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara tsarin asusun mata da aka sani da Mata Masu Dubara, wanda daga baya aka kwaikwaya a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Da yawa daga matan farko ba su iya rubutu ba, da ka suke riƙe lissafin. Duk da haka ranar taro kowace ta san nawa ke cikin akwati, wa ta ci bashi, yaushe za ta biya, da ribar da aka samu. Dala ɗaya ba ta ɓacewa ba a san inda ta shiga ba. Matan nan su ne ke sayar da akuya don ɗa ya yi rajista a jami'a. Suna da haƙƙin a yi musu irin lissafin da suke yi wa junansu: cikin waɗanda suka gama sashe kaza shekara uku da suka wuce, nawa ke aiki, nawa ke aikin da ya dace da karatunsu, nawa ke samun abin da ya wuce jika 42, nawa suka bar ƙasar.

Ba wani abin al'ajabi ba ne. A Birtaniya ana tuntuɓar waɗanda suka gama jami'a bayan wata 15 a tambaye su halin da suke ciki, a wallafa sakamakon. A Faransa ana bin sawun masu mastar bayan wata 30. Nijar ma tana da hukumomin da aikinsu ya shafi wannan, akwai ANPE mai kula da samar da aikin yi, akwai ONEF mai sa ido kan alƙaluman aiki da horo. Amma alƙalumman da ke kwance cikin rahoton Faransanci a wani ofis na Yamai ba su da amfani ga mai shirin sayar da akuya. Abin da zai yi masa amfani shi ne jami'ar Maraɗi, wadda ke karɓar lambar wayar kowane ɗalibi ranar rajista, ta kira su bayan shekara ɗaya, ta sake kira bayan uku, ta fitar da sakamakon sashe-sashe, a karanta shi da Hausa a gidajen rediyon karkara kafin lokacin rajista. Ɗaliban sashen nazarin zamantakewa ko ƙididdiga za su iya yin aikin a matsayin kundinsu na kammalawa. Kuɗin katin waya ne kawai.

Za a ce fitar da irin wannan lissafi zai ƙara kashe wa iyaye gwiwa. Damuwa ce mai tushe, domin wasu alƙaluman ba za su yi daɗin ji ba. Sai dai iyayen sun riga sun yanke nasu hukuncin da jita-jita, wadda ta fi kowane adadi muni. Lissafi na gaskiya zai nuna cewa sassa sun bambanta, cewa wanda ke zaune a shekarar farko ba lallai yana zaune a ta uku ba, cewa difloma ta shekara biyu ko uku a fannin lantarki ko gine-gine wani lokaci ta fi dogon karatu saurin kai mutum ga abinci. Za a kuma ce ba a auna ilimi da albashi, kuma gaskiya ne, ƙasa na buƙatar masana tarihi da falsafa. Amma wanda zai shiga sashen ya shiga da idonsa buɗe. Wanda ya fi cutuwa da rashin bayani shi ne ɗan ƙauye, don ɗan birni yana da kawu a ma'aikata da zai raɗa masa inda ake ɗauka.

Ita ma ƙaramar hukuma tana da nata. Tun watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Ko zaɓaɓɓe ne ke kan kujerar ko naɗaɗɗe, littafi ɗaya ya isa a rubuta sunan duk ɗan yankin da ya gama babbar makaranta, abin da ya karanta, da inda yake. Sau nawa ake kawo matashi daga Yamai ya yi aikin tattara bayanai a ƙauyukan Kornaka, har sai an nema masa tafinta, alhali ga ɗan garin mai takarda iri ɗaya yana zaune? Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Idan da gaske ake, mai lisansin da zai iya bayyana dokar filaye ko allurar rigakafi da Hausar Gobir ya kamata darajarsa ta tashi. Haɗari ɗaya ne, kada littafin ya zama jerin sunayen da za a riƙa zaɓen 'yan gaban goshi daga ciki. Maganinsa a liƙa shi a bango kowa ya gani.

Akwai wata huɗuba da manya ke son yi wa masu digiri: ku koma gona. Mai yin ta galibi ɗansa yana ofis. A jihar da binciken 2012 ya nuna mace na haihuwar 'ya'ya takwas a matsakaici, gonar gado ana raba ta ne har ta koma kamar tabarma. Arewa da Dakoro kuma, wajen kwarin Tarka, dokar 1961 ta shata iyakar noma ta bar sauran ga makiyaya, rikicin da ke biyo bayan tsallake wannan iyaka kuwa sananne ne. Mutumin da aka kashe wa shekara goma sha bakwai a makaranta, a ce ya dawo ya karɓi rabon ƙanensa ya riƙe hauya irin ta kakansa, wannan ba shawara ba ce.

Komawar da ke da ma'ana ta riga ta faru a Dakoro, kuma ta cancanci a san ta. A 2003 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Beljiyam, VSF, tare da ƙungiyar Karkara ta Nijar, suka fara wani tsari a gundumar: a kafa likitan dabbobi mai zaman kansa da shagon magani, a horar da mataimaka daga cikin makiyaya da mazauna ƙauyuka, su riƙa yin allura da ba da magani a kusa, makiyayi ya biya, gwamnati kuma ta ba likitan kwangilar rigakafin shekara. Tsarin ya kama har aka yaɗa shi zuwa wasu sassan ƙasar. Mai digirin bai koma ya zama makiyayi ba, ya koma ya sayar wa makiyayi abin da ya karanta.

Haka batun murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Masu bincike a cibiyar INRAN ta Maraɗi da jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Baoua, sun daɗe suna aiki kan wani ɗan ƙaramin zanzaro da ke kashe ta. Ana kiwonsa, a zuba cikin ƙananan buhuna, a rataye a ƙauyuka lokacin da gero ya fitar da kai, ya fito ya bi tsutsar har cikin zangarniya ba tare da an fesa guba ba. Ko buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke toshe wa ƙwaron wake iska har ya mutu, manomi ya ajiye wakensa zuwa lokacin da tiya ta yi tsada maimakon ya zubar da shi da kaka. Kiwon zanzaron, rarraba buhunan, koya wa manoma yadda ake ɗaure su, duk aiki ne na mai ilimin noma, kuma a ƙasar gero da wake irin Ɗan Gulbi akwai mai saye. Abin da ke hana matashi shiga shi ne jari da wanda zai tsaya masa a shekarar farko, abin da tsarin likitocin dabbobi ya tanada, masu huɗuba kuma ba sa tanada. Akwai kuma raini: a zauren abokai, hoton farar mota ya fi hoton shagon iri da buhuna jan "Masha Allah".

Mazauna waje suna da babban kaso a wannan gurguwar fahimta. Hoton dusar ƙanƙara daga Kanada ko na gaban dogon bene a Istanbul yana isa ƙauye cikin daƙiƙa, amma ba ya zuwa da bayanin aikin dare a rumbun kaya, ko shekarun da aka yi kafin a amince da takardar da aka zo da ita, ko kuɗin haya. Lokacin da Faransa ta dakatar da ba da biza ga 'yan Nijar, Mali da Burkina Faso a 2023, ɗalibai da dama da suka riga suka samu gurbi sun tsaya cak, wasu sun juya zuwa Maroko, Aljeriya, Turkiyya ko Rasha ba tare da wanda zai gaya musu gaskiyar abin da za su tarar ba. Wanda ya riga su zuwa, saƙon murya na minti biyar da ya faɗi abin da yake samu da abin da yake kashewa ya fi musu amfani fiye da hoto ɗari. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Barewa ta Zariya ta yi suna ne saboda manyan da ta fitar, amma ƙungiyar 'yan yanki ɗaya ba ta buƙatar shugaban ƙasa a cikinta kafin ta kama hayar gida ɗaya a Dakoro inda yaran ƙauye za su sauka su yi lise.

Ayyuka kuma suna tafe, ko da ba su kai yadda ake zuzutawa ba. Layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai buƙaci masu lantarki, masu gine-gine, masu lissafi da masu kula da kaya. Bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ya fara aiki a 2024, kuma a watan Maris na 2025 gwamnati ta kori wasu manyan jami'an kamfanonin mai na China su uku, bisa dalilan da suka haɗa da tazarar albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa. Amsar da kamfanoni suka saba bayarwa a irin wannan takaddama ita ce ba su samu ƙwararru a gida ba. Jami'ar Maraɗi ta shafe fiye da shekara goma tana yaye masu fasahar lantarki da gine-gine. Ranar da aka sake faɗin wannan magana, abin da zai rufe bakin mai faɗin ta shi ne takarda mai ɗauke da sunaye, shekarar gamawa, inda kowa ya yi aiki, da lambar da za a same shi.